Sauya sana'a bayan an manyanta: tambayoyin da ake yi mini a Tawa

Shekara 19 na yi riƙe da makullan sito da littafin lissafi a wani aikin raya karkara nan Tawa. Ranar da aka tara mu aka ce kuɗin aikin sun ƙare, ina da shekara 48, da mata, da ƴaƴa 6, da tsohuwa a ƙauye. Yau albasa nake saye ina ajiyewa, ina kuma da ƴar garka wajen kwarin Maggiya. Tun da aka ga na tsaya da ƙafafuna, da wuya mako ya wuce wani bai sallama mini a ƙofar gida bayan la'asar ba, ko ya aiko saƙon murya ta WhatsApp. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su a nan tare da amsar da nake bayarwa.

Malam, na haura 50. Anya lokaci bai ƙure mini ba?

Wasu ƙofofin sun rufe, gaskiya ce. Jarrabawar shiga aikin gwamnati tana da iyakar shekaru, kuma aikin da ke son ɗaukar kaya a ka daga safe har yamma ya bar hannunka. Sai dai kasuwa da garka da turken rago babu mai tambayar ka takardar haihuwa. Abin da suke tambaya shi ne ko ka iya, ko kuma kana cika alkawari. A nan dattijo ya fi yaro jari: mutane sun san gidanka, sun san iyayenka, sun ga yadda ka riƙe amana shekara da shekaru. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ka tuna kuma ba kai kaɗai abin ya sama ba. Da aka rufe mahaƙar uraniyum ta Cominak a Akokan ranar 31 ga Maris 2021, ɗaruruwan magidanta ne suka wayi gari suna neman sabuwar hanya, wasunsu ƴan Adar ne, wato yankinmu na Tawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ma ayyuka da yawa da ke tafiya da kuɗin waje sun tsaya. Yawancin masu zuwa wurina ba su suka zaɓi sauyin ba, same su ya yi.

Aikin ya fita raina ƙwarai. In ajiye shi kawai in huta?

Kada ka ajiye a cikin fushi, kada kuma ka ajiye kafin ka san ƙasan da za ka taka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In kamfani ko wata ƙungiya kake wa aiki, fara zuwa ofishin CNSS, asusun fanshon ma'aikata masu albashi, ka nemi a fitar maka da lissafin zubin da aka yi da sunanka. Da yawa sai sun je can suke gano cewa ana yanke musu a albashi amma akwai watannin da ba a zuba ba, kuma gyaran wannan ya fi sauƙi kana cikin aikin. Sharaɗin fanshon tsufa a CNSS shi ne ka kai shekara 60, kuma ka cika adadin watannin zubin da doka ta sa. Ka sake karanta sharaɗin nan na ƙarshe. Mutumin da ya bar aiki yana da 47, ya shiga kasuwa bai ƙara zuba ko dala ba, zai iya kai 60 ya tarar da ya faɗi a wannan sharaɗin in zubinsa bai kai ba. Saboda haka tun kana can ka tambaye su yadda mutum ke ci gaba da zubi da kansa bayan ya bar aiki, ka rubuta abin da suka faɗa maka, da ranar.

Abu na biyu: wanda ya ajiye aiki da kansa ba ya samun kuɗin sallamar da ake biyan wanda aka sallama. Dokar ƙwadago ta 2012 ta bambanta su. In ka ji ƙishin-ƙishin za a rage ma'aikata, kada ka riga su rubuta takarda, ka je ofishin sufetan ƙwadago ka ji haƙƙinka. Ranar fita kuma ka karɓi takardar shaidar aiki, ko da kana ganin ba za ka ƙara neman aikin ofis ba.

In ma'aikacin gwamnati ne kai, fanshonka yana hannun CARENI, kuma dokar aikin gwamnati ta ba da damar mutum ya nemi a ɗage masa aiki na wani lokaci ba tare da albashi ba, ya dawo daga baya. Wannan ya fi murabus nesa ba kusa ba, domin ƙofa tana nan a buɗe in abin da ka je yi bai karɓe ka ba.

Shawarata dai ita ce ka fara sabuwar sana'ar kana cikin tsohuwar. Asabar da Lahadi da bayan an tashi aiki sun isa mutum ya gane ko zai iya.

Ban iya komai ba sai aikin ofis. Wace sana'a zan kama?

Wannan maganar na fi jin ta daga malaman lakwal da sakatarori, kuma ba daidai ba ce. Ka zauna da takarda ka rubuta abin da hannunka da bakinka suke yi kullum a wurin aikin, ka bar sunan muƙamin gefe. Ni abin da na rubuta shi ne: ina ƙirga kaya, ina rubuta shiga da fita, na san yadda ake jera buhuna iska ta ratsa, ina gane direban da zai kai kaya lafiya. Waɗannan su ne rabin sana'ar albasa. Malamin makaranta ya iya bayani, ya iya haƙuri da mai koyo, ya iya rubuta takarda da Faransanci, ga ƙungiyoyin manoma a Madawa da Ƙonni da Buza suna neman mai riƙe musu littafi. Direba ya san hanya da farashin kowace kasuwa. Ma'aikaciyar jinya ta san tsabta da awo, abin da masu sarrafa abinci da yawa ba su da shi.

Sai ka duba sana'ar gidanku. Wanda ya tashi a gidan maƙera ko dukawa ko mahauta, ko ya yi shekara 30 a ofis, idonsa ya riga ya sha abin tun yana yaro, kuma yana da ƴan'uwa a ciki da za su nuna masa ramukan hanya.

An biya ni kuɗin sallama. Me ya fi in sa su a ciki?

A nan na fi son ka saurare ni, don a nan ne na sha wuya.

Da na karɓi nawa, kowa ya zama mai ba ni shawara. Lissafin da aka yi mini mai sauƙi ne: albasar Galmi tana arha a watan Maris da Afrilu lokacin da ake cire ta, in damina ta yi nisa sai ta yi tsada, motoci suna loda ta zuwa Gana da Kwaddibuwa. Ka saya, ka ajiye, ka sayar. Duk gaskiya ne. Na sayi buhu 120, na sa aka yi mini rudu, wato rumbun kara da ake ajiyar albasa a ciki, na koma Tawa ina jiran farashi.

Cikin watan Agusta na je dubawa. Tun kafin in kai ƙofar rudun wari ya tare ni. Na zura hannu ta ƙasa, sai yatsuna suka nutse cikin albasa kamar cikin dafaffiyar kabewa, ruwa baƙi yana bin gwiwar hannuna. Mun kwana 3 ni da yara biyu muna tsincewa a kan tabarmi, muna ware mai rai da matacciya. Abin da ya tsira bai kai rabi ba.

Daga baya wani manomi, wanda na girme shi da kusan shekara 15, ya ɗauki guda ɗaya ya matsa wuyanta da babban yatsa, ya ce, "Baba, wannan tun a gona ta mutu." Ya yi mini bayani: wadda aka cika wa takin zamani, aka kuma yi ta ba ta ruwa har ranar cirewa, tana da girma da kyan gani amma ba ta ajiyuwa. Ta ajiya ita ce wadda aka yanke wa ruwa kwanaki kafin a cire, aka bar ganyenta ya kwanta, wuyanta ya bushe ya tsuke. Ni kuwa manya-manyan na bi na zaɓa. Kuma ba a barin rudu wata 4 ba a leƙa ba, ana juyawa ana fitar da mai ciwo kafin ta shafa wa sauran.

Saboda haka ga yadda nake cewa a yi da kuɗin. A fara cire cimakar gida ta aƙalla wata 6, a sayi gero da masara tun da kaka a ajiye, a biya kuɗin makarantar yara. A ware wani kaso da ba za a taɓa ba sai rashin lafiya. Abin da ya rage ne jari, kuma ko shi kada a zuba shi duka a zagayen farko. Ka gwada da abin da in ya ƙone ba za ka kasa barci ba. Buhu 10 za su koya maka duk abin da buhu 120 suka koya mini.

Akwai kuma maganar dangi. Ranar da aka ji an biya ka, buƙatu za su taso, kuma yawancinsu na gaskiya ne. Ka yanke tun farko nawa za ka iya bayarwa don zumunci, ka bayar da zuciya ɗaya, ka ce sauran ba naka ba ne, na sana'a ne. Kuɗin da ke cikin aljihu ko cikin waya sun fi saurin narkewa, gara su zama hatsi ko dabba ko su kwanta a asusu.

Da "Mushe" ake ce mini. Yanzu in koma yaron wani, a gan ni da buhu a tasha?

Wannan ita ce tambayar da ke ƙarƙashin duk sauran, kuma mutane ba su cika yin ta ba sai mun rage mu biyu. Na san nauyinta. A garin da kowa ya san kowa, mutumin da ya saba fita da guga a riga yana jin kamar duk idon kasuwa a kansa yake.

Bayan asarar nan na koma wurin manomin da na ambata, na ce ya ɗauke ni in yi rani guda a garkarsa. Ya ji nauyi, ya ce yaya za a yi ya aiki babansa. Na ce ya ɗauka ni ɗalibi ne. Daga watan Oktoba da aka zuba iri, zuwa dashe, zuwa ban ruwa da asuba cikin sanyin hunturu, har cirewa, ina nan. Wata rana ina tsugune a cikin garka, laka har gwiwa, sai ga wani da na taɓa yi wa shugabanci ya tsaya da babur. Ya dube ni ya ce, "Subhanallahi, Malam, abin har ya kai haka?" Na ji maganar har cikin ƙashina, ban kuma yi barcin kirki ba a daren. Amma da safe na koma, domin na riga na ga abin da rashin sani ya ci mini, kuma wancan ciwon ya fi wannan.

Abin da na lura da shi: maganar mutane ba ta wuce wata 2 ko 3. Daga nan sai su saba, daga baya su fara tambayar ka farashi. Wanda kunya ta hana shi koyo kuwa, shi ne zai ɗauki jarinsa ya danƙa wa wani yaro ya ce "juya mini", yana zaune a inuwa, bai san abin da ake saye ba balle abin da ake sayarwa. Na ga gidaje da dama da kuɗin ritaya suka tafi ta wannan hanya, aka kuma ɓata da ɗan'uwa a kai. Zuwa da kai ya fi aike. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna cewa mutum ya ɗauki igiya ya yo itace ya sayar ya fi masa alheri da ya roƙi mutane. Mun san hadisin tun muna yara, aiki da shi ne ke da wuya in an saba da kujera.

Yaya, na yi shekara 20 ina bida tsakanin Abijan da Libiya. Ƙarfi ya fara raguwa, ina son in zauna gida.

Adar ƙasar ƴan bida ce, kusan kowane gida akwai mai wannan tunanin. Da yaƙin Libiya ya tashi a 2011 mun ga yadda dubban mutane suka dawo hannu wofi, waɗanda suka farfaɗo da wuri kuwa su ne masu sana'ar hannu. To kai me ka koyo a can? In gini ne ko shafe ko ɗora tayil ko walda ko gashin burodi, kayan aikinka su ne jarinka, ka sayo su tun kana can. Kada ka dawo ka ce sai shago, don kowa shago yake buɗewa, unguwa guda shago biyar, duk ana bin su bashi.

Ka yi dawowar gwaji tukuna. Ka zo da kaka ka zauna wata 4 ko 5 kana aikin, ka ga ko garin zai ciyar da kai. Farashin aiki a Tawa ba na Abijan ba ne, kuma a gida ana yi maka "sai wata ya yi". Ka saba karɓar rabin kuɗi kafin ka fara.

Malam, ni mace ce, shekarata 46, maigidana ya rasu. Ban taɓa sana'ar waje ba.

Allah ya jiƙansa, Hajiya, ya ba ki haƙuri. Kin fi yadda kike zato shiri, domin wadda ta ciyar da gida shekara 25 da kuɗin cefane ta san lissafi. Ki nemi ƙungiyar Mata Masu Dubara ta unguwarku. Tsari ne da aka fara a Maradi a 1991: mata suna zubi kowane mako a akwati, suna ba juna rance, a raba a ƙarshen zagaye. Ribarsa ba kuɗin kaɗai ba ce, a nan za ki ji wace ce ke sayen man gyaɗa da yawa, wa ke kai gabu Yamai, wa ke neman mai yi mata ƙuli-ƙuli.

Ki kama abu guda, ki yi shi da kyau, da awo iri ɗaya kullum. Ki raba kuɗin sana'a da na tukunya, ko da gwangwani biyu ne. In ƴaƴa suka ci daga kayan sayarwa, ki rubuta, don ki san gaskiyar ribarki. In kuma marigayin ya yi aikin albashi, ki je CNSS ko CARENI da takardun aure da na haihuwar yara, akwai haƙƙin matar mamaci da marayu.

Kiwo ko noman rani, wanne ya fi wa mai ritaya?

Kiwon turke ya fi sauƙin farawa, don a cikin gida ake yi. Raguna 2 ko 3, a saya wata 3 zuwa 4 kafin Layya. Ribar tana wurin abinci: wanda ya tara harawa da dusa tun da kaka ya ci, wanda zai riƙa saye kullum da bazara kuwa ragon ne zai cinye shi. Ka tafi kasuwar Badagishiri ko Abalak da wanda ya san haƙori da ido, ka kuma kira ma'aikacin dabbobi ya yi allura da maganin tsutsa tun makon farko.

Noman rani ya fi riba, ya kuma fi cin mutum. Tun bayan farin 1984, zamanin Seyni Kountché, aka ƙarfafa shi a ƙasar nan, kuma kwarin Maggiya da na Tarka da gefen tafkin Tabalak sun nuna abin da yake iya yi. Sai dai ba a yin sa ta waya daga gari. Ga mai, ga gyaran injin ban ruwa, ga ƙwari. Cibiyar manoma ta jiha da RECA, haɗakar cibiyoyin manoma ta ƙasa, suna ba da shawara da Hausa, ka yi amfani da su.

Abu guda da ba na sassautawa a kai: ko saye ka yi, ko haya, ko aro, ko jingina, a rubuta. Hukumomin ƙasa da ake kira Cofo suna nan tun daga ƙauye har gunduma, suna ba da takardar shaida. Filin da ba shi da rijiya ba mai kula shi, ranar da ka haƙa rijiya ka kafa shinge ne magada suke fitowa.

In koma makaranta?

In takardar ce ta tsare maka wani matsayi da ka riga ka hango, ka koma, Jami'ar Djibo Hamani tana nan cikin gari, kuma gemu ba ya hana ilimi. In kuwa abinci kake nema nan da shekara guda, gajeren horo ya fi: cibiyoyin koyon sana'a na gundumomi, ko horon da FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ke ɗaukar nauyi. Gyaran famfo mai aiki da hasken rana da haɗa faranti suna da kasuwa yanzu a garake. Ka kuma ajiye sunanka a ANPE, hukumar da ke haɗa masu neman aiki da masu ɗauka.

In ci bashin banki in fara da ƙarfi?

A'a, ba a zagayen farko ba. Bashi na faɗaɗa abin da ya riga ya kama ne. Wanda bai taɓa sayar da buhu ɗaya ba, bai san wata nawa kuɗinsa za su kwana a waje ba, alhali ranar biya ba ta jira. In ka yi shekara 2 kana rubuta shiga da fita, littafin nan da kansa zai gaya maka ko kana buƙatar rance da nawa, shi ne kuma za ka nuna a BAGRI, bankin noma, ko wata ma'ajiya. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Sai na yi takardu?

Mai raguna 3 a gida ba ya buƙata. Ranar da kake son sayar wa wata hukuma ko kamfani, za su nemi rajistar kasuwanci da lambar haraji, wato NIF. Ana farawa daga cibiyar ƴan kasuwa, a Yamai kuma akwai Maison de l'Entreprise da aka tara hidimar wuri guda.

Yaya zan gaya wa maiɗakina? Ina tsoron hankalinta ya tashi.

Ni na ɓoye wa tawa asarar albasa har mako 3, ina cewa farashi nake jira. Ita kuwa tun daren farko ta ji warin a tufafina. Da na gaya mata, ba asarar ce ta ɓata mata rai ba, cewa ta yi, "Malam, da ka faɗa mini da wuri, da ban shiga adashin nan mai tsada ba." Ta yi gaskiya. Cefanen da za a rage, ita za ta rage shi, naman da zai koma sau ɗaya a mako, ita za ta yi wa yara bayani. Ba adalci ba ne a ɗora mata wannan ba tare da ta san lissafin ba.

Ka zaunar da ita bayan isha, yara sun kwanta. Ka faɗi nawa ke akwai, nawa za a sa a sana'a, wata nawa kake ganin za a yi kafin wani abu ya fara shigowa. Manyan ƴaƴa ma a gaya musu daidai hankalinsu. Yanzu littafin rudu a hannunta yake kwana, ita ke tuna mini ranar juya albasa.

In na gwada abin ya ƙi fa?

Tun kafin ka fara ka sa wa kanka iyaka: kuɗi kaza, zagaye kaza. Ka faɗa wa mutum guda da kake jin nauyinsa, don ya tuna maka. In ka kai iyakar, ka tsaya ka buɗe littafi ka ga inda kuɗin suka bi. In rashin sani ne, ana gyarawa, kamar yadda na koma garka. In kasuwar ce babu, ka sayar da kayan aikin tun suna da daraja, kada ka taɓa kason rashin lafiya, kada kuma ka sayar da gida ko gonar gado don ka cike ramin. Ka riƙe zumunci da tsofaffin abokan aikinka, ka riƙa gaishe su ko ba ka da buƙata. Aikin lissafi na wata 2 da na samu a shekarar asarata, wanda ya biya kuɗin makarantar yara, ta hannun mutumin nan mai babur ya zo.